Tarwada da hanci take samo abinci ko da gashin baki?

Alhaji Mai Tanki, Bunkure:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da take ta dawowa a bakin masu haɗa abincin kifi da kansu. Garin kifi ya yi tsada, sai mutum ya rage shi ya cike gurbin da waken suya da ƙuli-ƙuli. A lissafi furotin bai ragu ba, yana nan wajen kashi 40 cikin 100. Amma in an watsa, tarwada ta taso kamar an yi mata dole, wata ta ɗauka ta furzar, sauran ya nutse ya ruɓe a ƙasa. A watsa na buhun kamfani a tankin nan dai, ruwa ya ɗau tafasa. Me kifin yake ji a wancan da babu a wannan? Kuma da me yake jin, hanci ko gashin baki? Masana a taimaka.

Baba Masunci, Haɗejiya:
Wa alaikumus salam. Gashin baki ne, Alhaji. Duba masu kiwon dare da masu zaman ruwan laka: tarwada, ramboshi, kurungu, ragon ruwa, duk masu gashin baki ne. Mafarautan ido irin su tsage da giwan ruwa ba su da shi. Tarwada guda 8 gare ta, tana tafe tana lalube da su kamar makaho da sandarsa.

Malamin Kifi, Wudil:
Baba, Allah ya ƙara girma, rabin gaskiyar tana hannunka. Bari in kawo ɗaya rabin.

Ku ɗauki kan tarwada ku duba saman baki. Kowane gefe ƙofa 2 ne: ta gaba ɗan bututu ce a kusa da leɓe, ta baya tsaga ce a gindin gajeren gashin nan na sama. Ruwa yana shiga ta gaba ya fita ta baya. Ba ya zarcewa maƙogwaro, domin hancin kifi ba na numfashi ba ne, na sansana ne zalla. In aka tsaga fatar da ke tsakanin ƙofofin da reza za a ga wani ɗan nama mai ninki-ninki, jere kamar shafukan littafi. Ninkin nan don a samu fili mai yawa ne a ƙaramin wuri. Jikinsa yana lulluɓe da yauƙi, a cikin yauƙin kuma kawunan jijiyoyi ne suke leƙowa, tare da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, masu kaɗa ruwa yana wucewa ko da kifin yana kwance.

Abin da jijiyoyin suke jira shi ne amino asid. Furotin kamar carbi yake, amino asid su ne 'ya'yan carbin, iri 20. Muddin suna cikin zare, hanci ba ya jin su. Sai wanda ya tsinke ya narke a ruwa shi kaɗai, shi ne yake zama daidai a gurbinsa a kan jijiya kamar mukulli a kwaɗo, jijiyar ta aika saƙo ƙwaƙwalwa. Wannan ita ce amsar tambayarka ta farko, Alhaji. Kashi 40 ɗin da ka lissafa carbi ne a ɗaure. Naman kifi da tana da ƙwari cike suke da sakakkun amino asid irin su alanin, gilaisin, furolin da arjinin, ga betayin da wasu sinadaran nama da suke ƙara musu ƙarfi. Waken suya da ƙuli-ƙuli suna da furotin amma sakakkun kaɗan ne, sannan waken yana da nasa ɗacin.

Ɗan Auta, Kazaure:
Malam, kamar yaya yawan da yake iya ji? Cokali ɗaya a tanki?

Malamin Kifi, Wudil:
Cokali ai ka cika masa hanci. Tun 1971 aka fara auna wannan da wayoyin lantarki a hancin kifi, kuma abin da ake samu a kifaye daban-daban bai cika nisa da juna ba. Ɗauki rami mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, zurfin mita 1, wato lita 100,000. In da alanin za a auna, hanci yana fara amsawa ne tun daga tsakanin giram 1 zuwa miligiram 9 a duk ruwan nan. Miligiram 9 bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba.

Amma kada a ruɗu da wannan lissafi. A tsaftataccen ruwan ɗakin gwaji aka same shi. Ruwan kogi da na rami dama suna ɗauke da nasu amino asid daga ruɓaɓɓen ganye da kashin kifi da ragowar abinci. Kifi ba ya kula da abin da ya riga ya saba da shi, ƙarin da ya hau kai yake ji.

Baba Masunci, Haɗejiya:
To Malam, in hanci ne, me ya sa tarwadar da gashin bakinta ya gutsure take ramewa, alhali hancinta lafiya lau?

Malamin Kifi, Wudil:
Yauwa, nan ne rabinka, Baba. Gashin bakin harshe ne. Abin ɗanɗano da muke da shi a harshe kawai, dangin tarwada suna da shi a gashin baki da leɓe da fatar jiki har wutsiya. An ƙirga sama da 100,000 a jikin wata 'yar ƙaramar tarwadar Amurka. Kuma su ma amino asid suke ji. John Caprio na Jami'ar Jihar Luwiziyana ya auna jijiyar gashin bakin tarwadar can a shekarun 1970, ya samu cewa a kan alanin ta ma fi hanci kaifi.

Akwai gwaje-gwaje uku da suka raba gardamar nan. A 1967 an kashe wa irin wannan kifi hanci, ga shi ba ya gani, amma ya bi ɗanɗano a ruwa har ya isa ga abinci. A 1971 aka raba ɗanɗanon kansa gida biyu. In aka cire sashen ƙwaƙwalwar da ke hidimar gashin baki da fata, kifin ba ya iya gano inda abincin yake ya ɗauka. In kuma mai hidimar cikin maƙogwaro aka cire, zai samo abincin ya sa a baki, amma ba zai haɗiye ba. Daga baya aka gwada koyarwa: a ɗiga amino asid iri ɗaya a bi shi da abinci, a ɗiga wani iri ba a ba da komai. Mai hanci yana koyon bambancewa, ya riƙa zabura in ya ji na abincin. Marar hanci yana nan yana kai cizo in ya ji alanin ko furolin ko arjinin, amma ba ya koyon wanne ne wanne.

Wato mashiga uku ce. Hanci yana tayar da kifi ya gane irin abincin da ya sani. Gashin baki yana kai shi daidai wurin ya sa ya cafka. Maƙogwaro yana yanke hukuncin haɗiya. Alhaji ya ambaci cuta biyu a tambayarsa ba tare da ya raba su ba. Rashin tasowa da zafi, matsalar abin da yake narkewa a ruwa ce. Ɗauka a furzar kuwa maƙogwaro ne ya ƙi.

Mai Injin Abinci, Kura:
Wannan rabon na Malam shi ya kamata mai haɗa abinci ya fara yi kafin ya kashe kuɗi. In furzarwa ce, kada a nemi abin ƙamshi, a nemi abin da yake ɓata baki.

Waken suya ɗanye ko wanda bai gasu ba shi ne na farko. Banda ɗaci, yana da sinadarin da yake hana kifi narkar da furotin. A gasa shi har ƙarnin ɗanyen wake ya tafi, cikinsa ya yi ruwan ƙasa mai haske. In ya yi duhu kamar kofi an wuce gona da iri, zafi ya ɗaure amino asid ɗin da ake kira laisin da sukarin da ke cikin waken, an yi asarar abin da aka saya dominsa. Sai ƙuli-ƙulin da mansa ya tsufa ya fara wari, ko wanda ya yi fumfuna. Mai fumfunar nan ba ɗanɗano kawai yake ɓatawa ba, guba ce mai cin hanta, a zubar. Garin jini ma in ya yi yawa kifi yana ƙin sa, a tsaya wajen kashi 5. Sannan taurin ƙwaya da girmanta: wadda ta fi ƙarfin bakin kifi ko ta bushe kamar tsakuwa, zai ɗauka ya tofar ko da daɗinta.

Kuma kada a sauya abinci rana ɗaya. Tunda hanci koyo yake, a ba shi kwana 6 zuwa 8: kashi ɗaya cikin huɗu na sabo na kwana biyu, sai rabi, sai uku cikin huɗu, a wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum.

Hajiya Mai Ƙyanƙyasa, Ringim:
Malam, ina da ja. Duk gwajin da ka lissafo a kan tarwadar Amurka aka yi. Tamu daban ce, har iska take shaƙa a sama. Kada mu ɗauki awon rigar wani mu ɗinka wa wani.

Malamin Kifi, Wudil:
Hajiya, ja ɗinki a kan hanya yake. Alƙaluman nasu ne. Abin da ya haɗa su shi ne gini: hanci mai ƙofa biyu, gashin baki mai ɗanɗano, dangi ɗaya. Kuma an nuna a kan tamu cewa 'ya'yanta sun fi dogara da lalube da ɗanɗano a kan ido, shi ya sa suke ci lafiya cikin duhu. Amma wane amino asid ne ya fi jan wane kifi, wannan kam ya bambanta, kuma gwajinsa ba ya buƙatar ɗakin bincike.

A samu doguwar roba ko kwami mai tsawon mita 1 da rabi zuwa 2, ruwa mai tsabta zurfin taƙi ɗaya. A sa kifi 10 masu girma ɗaya, a bar su kwana 2 su saba, a hana su abinci awa 24. A jiƙa giram 10 na abincin da ake zargi a ruwa milimita 100 na minti 10, a tace da kyalle mai laushi har ba gari ko kaɗan, don kada ido ya shiga maganar. A ɗaura siririn tiyo a kowane ƙarshen kwamin, mai gwaji ya ɓuya bayan buhu. A tura milimita 5 na tataccen ruwan da sirinji a gefe ɗaya, zallan ruwa milimita 5 a ɗaya gefen, lokaci guda. A ƙirga kifi nawa suka je kowane gefe cikin minti 2, da ko suna kai cizo bakin tiyon. A sauya ruwa, a juya gefe, a maimaita aƙalla sau 5. Inda ake kuskure: rashin juya gefe, domin kifi yana da kusurwar da ya fi so, da inuwar mutum, da amfani da sirinji ɗaya ba wanki.

Mai Injin Abinci, Kura:
Milimita ko mililita, Malam?

Malamin Kifi, Wudil:
Mililita. Na gode, hannu ne ya zarce. Mililita 100 da mililita 5.

Ɗan Auta, Kazaure:
Tunda amino asid ne, farin magi fa? An ce shi ma gulutamet ne. A barbaɗa a abinci mana, ga arha.

Malamin Kifi, Wudil:
Tambayar ba ta wasa ba ce. Gulutamet amino asid ne, amma a hancin tarwadar da aka auna yana cikin masu rauni. An gano gurabe aƙalla iri huɗu a hancin: na masu tsami irin gulutamet, na irin su arjinin da laisin, da iri biyu na 'yan tsaka-tsaki, gajeru irin alanin da dogaye irin metiyonin. In ka cika gurbi ɗaya, sauran ukun suna zaune ba aiki, kuma wanda ka cika ɗin ma yana gajiya ya daina amsawa. Shi ya sa gauraye ya fi guda ɗaya komai yawansa.

Karfasa kuma wani labari ne. Akwai irin karfasar nan mai jan ciki mai cin ganye, da aka gwada aka ga gulutamet da asfatet da serin da laisin da alanin suna sa ta ci, abu mai ɗan tsami ma yana ƙara mata. Hancinta ma daban ne, ƙofa ɗaya ce a kowane gefe, ruwa yana shiga ya fita ta nan. Ita kuma ido yana yi mata aiki sosai, da rana take kiwo.

Wani abu kuma, kowane amino asid banda gilaisin yana da siffa biyu kamar hannun dama da na hagu. Wadda take cikin nama ita hanci ya fi ji nesa ba kusa ba. Metiyonin ɗin buhu da ake sa wa abincin kaji da kifi rabi-da-rabi ne. Don gina jiki ake sa shi, kada a lissafa shi a matsayin abin jan kifi.

Alhaji Mai Tanki, Bunkure:
To mun ji ciwo. Magani fa, wanda ba sai an yi odarsa daga waje ba?

Mai Injin Abinci, Kura:
Maganin yana zube a inda ake gyaran kifi, a Wudil ko Haɗejiya ko bakin Tiga: kayan ciki da kawuna. A tsinka carbin da Malam ya faɗa, a mayar da su ruwa.

Hanya ta farko da asid. Kilo 10 na kayan cikin kifi na ranar, ba wanda ya kwana ba. A niƙa da injin nama. A zuba a durom na roba, ba na ƙarfe ba. A kawo fomik asid mai ƙarfin kashi 85, mililita 300, a zuba a hankali ana juyawa da muciya har ko'ina ya samu. Safar hannu da tabarau dole, yana ƙona fata, tururinsa yana shiga ido. A auna da takardar pH, wato ta awon tsami (yawan tsami yana saukar da lambar), ya zama ƙasa da 4. A rufe, a juya kullum, a sake aunawa. In ƙashi ya yi yawa yana shanye asid ɗin, pH ya hau, sai a ƙara kaɗan. Da zafin garin nan cikin mako guda ya zama ruwa kamar kunu. Ba asid ɗin ne yake narkar da shi ba, sinadaran narkar da abinci na tumbin kifin ne suke cin naman, asid yana hana ruɓa ne kuma yana ba su yanayin da suke so. Shi ya sa zallan kawuna ba tumbi ba sa narkewa da kyau. Man da ya taso sama a kwashe, shi yake fara lalacewa.

Hanya ta biyu ba asid. Kilo 10 na niƙaƙƙen kayan ciki, kilo 1 da rabi na mazarƙwaila da aka narkar a ɗan ruwa, rabin lita na kindirmo mai rai. A cakuɗa, a cika durom kashi uku cikin huɗu saboda yana kumbura, a rufe ruf, a riƙa sassauta murfi iska ta fita. Ƙwayoyin kindirmon suna cin sukarin su yi tsami. Cikin kwana 2 zuwa 3 pH ya sauko wajen 4.5. In ya yi ƙamshin tsami ya yi. In ya yi ɗoyi, ko ya yi baƙi, ko tsutsa ta fito, a binne shi. Dalili ɗaya ne cikin uku: kayan sun fara ruɓa tun kafin a sa, ko an yi rowar mazarƙwaila, ko iska tana shiga.

Sawa: a tace, lita 3 zuwa 5 a kan kilo 100 na abinci. Ya fi kyau a fesa a kan abincin yini ɗaya, a baza a inuwa ya sha iska, sannan a bi da mai lita 1 zuwa 2 a kan kilo 100. In an fesa wa buhu guda an ɗaure, fumfuna ce za ta biyo baya.

Likita, Gaya:
A ƙara da wannan: kada a yi shi da kifin da ya mutu da kansa a tanki, kuma in da hali a nemi kayan cikin wani irin kifi ba irin wanda za a ciyar ba. Tsami yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba hujjar ɗebo cuta a kawo gida ba ce.

Baba Masunci, Haɗejiya:
Ni inda ban gamsu ba shi ne binne mai ɗoyi. Masunta sun san hanjin kaza da ya kwana ya fi na yanzu kama tarwada. Wari ai shi ne kiran.

Malamin Kifi, Wudil:
Baba, abin da hancinmu yake ji da abin da nata yake ji ba ɗaya ba ne. Mu abin da ya tashi a iska muke ji. Ita abin da ya narke a ruwa. Alanin ba shi da wari a wurinmu ko kaɗan. Hanjin da ya kwana ya fara narkar da kansa, ya saki amino asid, shi ne yake kama kifi. Ɗoyin rakiya ya yi. In aka bar shi ya ci gaba, ƙwayoyin ruɓa sukan cinye amino asid ɗin su mayar da su amoniya da sinadaran mushe. Ga ƙugiya, koto ɗan loma ne, ba komai. Ga abincin da kifi zai ci wata shida a rufaffen ruwa, guba ce.

Haka maganar mai. Mai ba ya narkewa a ruwa, sama yake tasowa ya bar kifin ƙasa. Amfaninsa a kan ƙwayar abinci shi ne kuzari, da rage saurin wankewar abin da aka fesa, domin sakakkun amino asid cikin 'yan mintuna suke fita daga ƙwaya.

Baba Masunci, Haɗejiya:
Wannan na wankewa gaskiya ne. Tana a ƙugiya in ta yi fari ta saki jiki, ta gama aiki, a sauya. A soke ta wuri biyu ko uku don ruwan jikinta ya riƙa fita. Na gura kuwa akasin haka ake so, tunda kwana za ta yi. A dafa dusa ta yi tauri a dunƙula, ko a ɗaure ta a tsumma, don ta riƙa saki kaɗan-kaɗan har asuba. Sako-sako kafin tsakar dare ruwa ya tafi da ita.

Sai kafa gura. A ruwa mai gudu, bakinta ya kalli inda ruwa yake tafiya, ba inda yake fitowa ba. Kifi daga ƙasa yake hawowa yana bin abin da ruwa ya kai masa. Kuma a kafa ta sama da inda kifi yake kwanciya, gindin itace ko ramin gaɓa. In aka kafa ƙasa da shi, ƙamshin ya tafi wa na gaba.

Malamin Kifi, Wudil:
Wannan da Baba ya faɗa lissafi yana bayansa. A ruwan da ba ya motsi ko kaɗan, amino asid yana ɗaukar fiye da rabin yini kafin ya bazu santimita 1, mita 1 kuwa shekaru ne. Ba ya tafiya da ƙafarsa, ruwa ne yake ɗaukarsa, a tsinke-tsinke kamar hayaƙi a iska. Hanci yana cewa akwai abinci, gudun ruwa a jikin kifi shi yake nuna masa ta ina. In ya ji sai ya fuskanci ruwa ya hau, in ya ɓace masa ya yi ta kai-komo a faɗin ruwa har ya sake cin karo da shi. Sai ya matso sosai gashin bakin dama da na hagu suke gwada wanne ya fi ji.

Baba Masunci, Haɗejiya:
Shi ya sa inda kacala ta toshe hanyar ruwa, wajen su Guri da Kirikasamma, gura ba ta kira daga nesa. Sai a bi 'yan hanyoyin da ruwa yake ɗan zirarawa a tsakanin ciyawar, a matso da su kusa da juna.

Likita, Gaya:
Ba a taɓo ɓangaren da ya fi yawa a tankuna ba: abinci lafiya, hancin ne ya mutu. Jijiyoyin hanci tsirara suke a ruwa, ba fata a kansu, duk abin da aka zuba su yake fara samu.

Kofa salfet, shuɗin garin nan da ake sa wa gansakuka da ƙwarin fata, shi ne babba. Kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa jan ƙarfe ne. A kifin salmon cikin ruwa marar gishirin ƙasa, abin da bai kai maikurogiram 20 na jan ƙarfe a lita ba (maikurogiram 1,000 ne miligiram 1) yana dusashe hanci. Awon magani na miligiram 1 a lita kuwa ya kai maikurogiram 250. Ruwa mai laka da ganye yana ɗaure wani kaso, ruwan burtsatse mai haske ba ya ɗaurewa sosai. Ƙa'idar da aka sani ita ce a auna alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na shanye tsami, a raba da 100, abin da ya fito shi ne miligiram a lita, in kuma alkalinitin bai kai 50 ba kada a sa sam. Wanda ba shi da abin awo ya bar shi.

Sai omo. An nuna tun shekarun 1960 cewa ɗan kaɗan a ruwa yana cinye abin ɗanɗanon gashin baki. Tanki da roba da raga a wanke da gishiri da buroshi. Sai maganin feshi: masu jan ruwa daga kanal a yankin Kadawa da Kura da kwarin Haɗejiya su lura da lokacin feshin shinkafa da tumatir, magungunan ƙwari da na ciyawa da dama suna taɓa hancin kifi tun kafin su kai ga kisa. Ruwa mai tsami, pH 6 zuwa ƙasa, shi ma yana rage ji.

Abin sauƙin shi ne jijiyoyin hanci suna sake tsirowa. In dusashewa ce kawai, awoyi zuwa 'yan kwanaki cikin ruwa mai kyau. In sun mutu, makonni. A lokacin a rage abinci, kada a ƙara wani magani a kan wani don kifi ya ƙi ci.

Hajiya Mai Ƙyanƙyasa, Ringim:
Da ƙazamin ruwa, Likita. Tankin da ragowar abinci ta kwana a ciki ya riga ya zama romo. Mai zaune a kasuwar daddawa ba ya jin daddawa. Sai a zuƙe ƙasa, a sauya ruwa, a bar kifi ya natsu awa 1 ko 2, sannan a ba shi. Ba a ciyarwa sannan a sauya ruwa, amai zai yi.

A ɗakin ƙyanƙyasa abin ya fi tsanani. Kwana 3 bayan ƙyanƙyasa ƙwanduwar da 'ya'yan kifin suke rayuwa da ita ta ƙare, dole su fara ci. Atimiya, wato 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa da ake ba 'ya'yan kifi, mai rai tana motsi kuma tana sakin amino asid a ruwa, busasshen gari ba ya yin ko ɗaya sosai. Don haka ba a yanke atimiya rana ɗaya, a haɗa su kwanaki ana rage ta, garin ya fara shiga lokacin da suke cikin zafin nema. A rufe ɗakin ya yi duhu, a ba da kaɗan-kaɗan sau da yawa, a zuƙe ƙasa kullum.

Bayan tace girma kuma, wato raba manya da ƙanana, a sauya ruwa nan take, a ware masu rauni. Fatar da ta yage tana zubar da abu biyu: ruwan nama da yake kiran manya su ci ƙanana, da sinadarin tsoro.

Malamin Kifi, Wudil:
Sinadarin tsoron nan Karl von Frisch ya gano shi a 1938 a wasu ƙananan kifayen Turai: in fatar ɗaya ta yage, sauran su watse su daina ci. Dangin tarwada suna cikin masu shi, kuma da hanci ake jin sa, ba da gashin baki ba.

Ɗan Auta, Kazaure:
An ce warin hannun mutum ma yana korar kifi. Gaskiya ne ko camfi?

Malamin Kifi, Wudil:
A salmon gaskiya ne. A Kanada a shekarun 1950 an ga in aka wanke hannu a saman matakalar da suke hawa a kogi, sai su tsaya. Aka bi diddigi aka samu serin na fatar mutum da dabba yana cikin abin da suke gudu. Amma ka ji ɗazu serin ɗin nan yana cikin masu sa karfasa ci. Ga namu kifayen, fetur da man inji da sabulu mai turare da maganin sauro a hannu su ne abin kiyayewa kafin a taɓa koto ko abinci.

Alhaji Mai Tanki, Bunkure:
Tambaya ta ƙarshe. In hunturu ya shigo ci yana raguwa ko da abincin kamfani ne. A ƙara yawan ruwan kayan cikin zuwa lita 10?

Mai Injin Abinci, Kura:
A'a Alhaji, wannan ba hanci ba ne, sanyi ne. Tarwada ta fi ci a ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30. A Disamba da Janairu tankin da yake fili yana iya sauka ƙasa da 20 da asuba, cikinta ba ya narkar da abinci da sauri, duk ƙamshin da ka sa ba zai buɗe shi ba. Lita 10 jiƙa abincin kawai za ta yi ta ɓata ruwa. A bar shi a lita 3 zuwa 5, a rage yawan abincin, a mayar da ciyarwa daga hantsi zuwa la'asar, a rufe tanki da leda da dare. In burtsatse ake ja, a sa sabon ruwa da safe, yana fitowa da ɗuminsa.